Renon yara cikin bangaskiya ba tare da an miƙa musu mugun gadon gida ba

A gidaje da dama na Sabon Tasha, Narayi, Kakuri da Gonin Gora a Kaduna, Littafi Mai Tsarki yana kan tebur, dorina kuma tana rataye a bayan ƙofa. Da sassafe a rera waƙa a yi addu'a, amma kafin yara su fita makaranta an riga an ce wa ɗaya "ɗan banza" sau uku saboda ƙafar takalmi ɗaya ta ɓace. Ba munafunci ba ne. Irin renon da aka yi wa iyayen ne yake riga tunaninsu isa baki da hannu. Yaro kuwa duka biyun yake haɗiya, waƙar da zagin, kuma wanda ya fi ji kullum shi ke zama a cikinsa. Saboda haka koya wa yaro bangaskiya da daina mugun halin da aka gada aiki ɗaya ne, tare ake yin su.

A fara da takarda da biro

Ku samu dare ɗaya bayan yara sun yi barci, miji da mata, kowa da takardarsa. Kowa ya jera mutanen gidansu hawa uku: kakanni, iyaye da 'yan'uwansu, sai shi da waɗanda aka haifa tare. A gaban kowane suna a amsa 'yan tambayoyi. Idan ransa ya ɓaci me yake yi, duka ne, zagi, gaba, ko ficewa daga gida? Wa ke shan giya, kuma yaya gidan yake kwana ranar da ya sha? Aure nawa ya mutu, a kan me? Wane ɗa aka fifita? 'Yan mata nawa suka gama sakandare? Wace magana ce kowa ya sani amma ba mai furta ta? A rubuta na kirkin ma, domin akwai shi: kakar da ba ta barin baƙo ya kwana da yunwa, uban da ya sayar da akuya ya biya kuɗin jarrabawa.

Ƙa'idar zaman ɗaya ce: kowa gidansu zai rubuta. Miji ba ya cika wa matarsa takarda, kuma abin da aka ji a daren nan ba ya dawowa ranar faɗa. Ranar da aka ce "ai dama haka uwarki take", an rufe wannan magana sai bayan shekaru. Wadda take renon yara ita kaɗai, gwauruwa ko wadda aurenta ya rabu, ta yi zaman da wata babba mai riƙe sirri a Zumuntar Mata.

Daga nan sai a rarrabe, don ba duk abin da ke maimaituwa a dangi ne iri ɗaya ba. Wani cuta ce mai bin jini. Idan yara suna mutuwa ƙanana a wani gida, ko suna fama da ciwon ƙashi, kumburin hannu da ƙafa da ƙarancin jini, a yi gwajin sikila kafin a zargi kowa. Uba AS da uwa AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban. Shi ya sa wani gida zai samu uku a jere, wani bai samu ko ɗaya ba. Hawan jini, ciwon suga da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa su ma suna bin dangi. Waɗannan a yi musu addu'a, a kuma je asibiti a sha magani.

Mafi yawan abin da ya rage a takardar hali ne da aka gani aka koya. Masu cewa la'ana ce suna kafa hujja da Fitowa 20:5, inda aka yi maganar laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. A ci gaba da karatu zuwa aya ta 6, mai maganar ƙauna ga dubbai, sannan a buɗe Ezekiyel 18. A can Allah ya hana Isra'ilawa karin maganarsu ta cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu. Aya ta 14 ta kawo ɗan da ya ga dukan zunuban ubansa, ya yi tunani, ya ƙi yin irinsu, aya ta 20 kuma ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. 1 Bitrus 1:18-19 ya ce an fanshe mu daga banzar rayuwar da muka gada daga kakanni. Littafin Farawa ya nuna yadda gadon yake tafiya: Ibrahim ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce don tsoro, Ishaku ya maimaita haka a kan Rifkatu a Gerar. Ishaku ya fifita Isuwa, Rifkatu ta fifita Yakubu, Yakubu ya girma ya fifita Yusufu har 'yan'uwansa suka sayar da shi. Ba wanda ya binne musu laya a ƙofar gida.

Azumi da kwanan addu'a suna da wurinsu. Sai dai wanda aka yi wa addu'ar karya la'ana daren Juma'a, ya dawo Asabar ya tarar yaro ya fasa fulas, hannunsa zai bi hanyar da ya saba in ba a shirya masa wata ba. Kuma duk mai addu'ar da ya nuna yaro ko tsohuwa ya ce su ne mayun gidan, ko ya ce yaron yana cikin ƙungiyar asiri, ku tashi ku bar wurin. Yaron da aka tsare da tambaya da duka zai amsa kowane laifi don a ƙyale shi.

Ku zaɓi hali ɗaya tak ku fara da shi, ku rubuta shi yadda za a iya gani da ido. "Zan rage fushi" ba ya aunuwa. "Ba zan taɓa yaro ba ina cikin fushi, zan fita tsakar gida minti 10" yana aunuwa.

Sujadar iyali

Minti 10 zuwa 15 sun isa idan akwai yaro ƙasa da shekara 10. Wanda ya tashi a gidan da ake tada yara ƙarfe huɗu da rabi a yi awa guda ana wa'azi ya san abin da ya koya a ciki: yadda ake barci a durƙushe. Ku zaɓi lokacin da kowa yake gida da gaske. Mai tsallaka gada zuwa aiki cikin gari, wanda dole ya fita kafin cunkoso, safiya ba ta yi masa. Bayan tuwon dare, kafin a kunna talabijin, ya fi. A jingina sujadar da abin da ba a fashinsa, kamar cin abinci, domin agogo kaɗai ba ya tuna wa kowa. Wayoyi su koma wani ɗaki, har da ta Baba. A ajiye fitila mai caji kusa, kada ɗauke wuta ya zama hujjar fashi.

A fara da waƙa ɗaya, baiti biyu, daga Littafin Waƙoƙi ko wadda yara suka koyo a makarantar Lahadi. Sai karatu, aya 8 zuwa 12, ba sura guda ba. Sai tambayoyi uku, kullum su ɗin dai: me ya faru a nan, me ya nuna mana game da Allah, me za mu yi da shi gobe? Sai addu'a, kowa jimla ɗaya ko biyu, daga auta zuwa babba. A ƙarshe uba ko uwa ya ɗora hannu a kan kowane yaro, ya kira sunansa, ya sa masa albarka da kalmomin Littafin Ƙidaya 6:24-26. Kada a raina wannan na ƙarshen. A gidan da hannun uba ba ya sauka a kan yaro sai don rankwashi, makon farko za ku ga yaron yana noƙe kai. Ku ci gaba.

Kada ku fara daga Farawa 1 da niyyar kaiwa ƙarshen Littafin. Masu wannan niyya yawanci a Littafin Firistoci suke tsayawa. Bisharar Markus ta fi dacewa: sura 16 ce, labari bayan labari, kuma da aya goma-goma za ta kai ku fiye da wata biyu. Bayanta sai labarin Yusufu daga Farawa 37 zuwa 50 (a tsallake sura 38 idan akwai ƙanana), Rut, Yunusa, Daniyel 1 zuwa 6, sannan Luka. A karanta da harshen da yaron ya fi ganewa. Yaran Kaduna da yawa Turanci suke yi a aji, Hausa a layi, iyaye kuma Jju, Tyap, Hyam, Gbagyi ko Adara a tsakaninsu. Tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, wadda Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi aiki a kanta, ita kakanni da yawa suka haddace, amma wasu kalmominta sun yi wa yaran yau nauyi. Ku karanta sabuwar fassara, sannan yaro ya maimaita labarin da bakinsa. A nan za ku gane ko ya shiga.

Ɗan ƙasa da shekara 5 zai tashi ya yi yawo, zai hau bayan yayarsa. Ku bar shi, a ba shi layi ɗaya ya maimaita da tafi. Daga 6 zuwa 11 su riƙa karatun da kansu, su kwaikwayi labarin. Daga 12 zuwa sama a ba kowa rana ɗaya a mako ya bi da sujadar, a kuma bar shi ya yi tambaya mai wuya. Idan ya ce me ya sa Allah ya bari aka sace mutane a hanya, kada a ce masa "rufe mana baki". "Ban sani ba, bari mu tambayi fasto ranar Lahadi" amsa ce mai kyau, muddin an je an tambaya. Hadda kuwa aya ɗaya a mako ta isa. A rubuta a kwali a manna inda ake cin abinci, ranar Asabar a maimaita ta makonni huɗu da suka wuce, in ba haka ba sabuwa za ta riƙa korar tsohuwa.

Abin da ya fi kashe sujadar iyali shi ne mai da ita kotu. A tara laifuffukan yini, a buɗe Littafi, a nemo ayar da ta dace da mai laifin, ko a yi addu'a da habaici: "Ya Uba, ka ga taurin kan wance." Yaro zai haɗa buɗe Littafi da kunyata shi, kuma ranar da ya samu 'yancin kansa zai rufe shi. Maganar laifi a yi ta a wani lokaci, a keɓe. Fashi kuma zai faru. Kwana biyar cikin bakwai nasara ce, kuma ba a ninka karatun gobe don rama na jiya. Idan maigida ba ya nan ko ba ya so, uwa ta bi da sujadar ba tare da ta kushe shi a gaban yara ba. Timoti mahaifinsa Bahelene ne, bangaskiyarsa daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta zo. Makarantar Lahadi, ƙungiyar yara ta Birged da FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, suna taimakawa ƙwarai, amma awoyi kaɗan suke samu a mako. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora aikin a kan zaman gida, tafiya a hanya, kwanciya da tashi.

Horo

Yawancin duka a gida yana da sa'o'insa. Ku yi mako ɗaya kuna rubuta lokacin da kuka yi tsawa ko duka, da abin da ya faru dab da hakan. Za ku tarar wuri biyu ne ko uku: gaggawar safe, dawowa aiki a gajiye da yunwa, da ƙarshen wata idan aljihu ya bushe. A gyara daga can. Kayan makaranta, takalmi da safa a haɗa su tun dare. Mai dawowa aiki ya samu minti 15 ya watsa ruwa ya ci abinci kafin a kawo masa ƙara. Uwa kuma ta daina "bari Babanku ya dawo", domin wannan yana mai da uba dodo, ita kuma yana nuna maganarta ba ta isa ba.

Idan fushi ya taso, jiki yana faɗa kafin baki: ƙirji ya yi zafi, murya ta hau. A wannan lokacin ka mai da hannayenka baya, ka ce "zan dawo kan maganar nan", ka fita ka sha ruwa. Bayan minti 10 ka dawo, kuma lallai ka dawo, in ba haka ba yaro zai gane fitar taka kuɓuta ce a gare shi. Miji da mata su shirya wata kalma tsakaninsu, ko da "zo ka duba mini abu a kicin" ne, wadda ɗaya zai janye ɗaya da ita ba tare da an yi musu a gaban yara ba.

Dokokin gida kada su wuce biyar, kuma yara su san hukuncin kowace tun kafin a karya ta. Hukuncin ya danganci laifin. Wanda ya zubar da ruwa ya goge. Wanda ya ɗauki kuɗin cefane ya biya daga asusunsa ko da aiki, ya kuma faɗa da bakinsa. Wanda ya wuce lokacin dawowa, gobe ba fita. Daga shekara 3 zuwa wajen 8, zama gefe ɗaya yana aiki, minti ɗaya ga kowace shekarar yaron, a inda kuke ganinsa, ba a ɗaki mai duhu ba. Matashi kuma a karɓe waya na kwanaki sanannu, biyu ko uku, a mayar ranar da aka ce. Ku sa rai makonni biyun farko abin zai ƙara lalacewa, don yaron yana gwada ko da gaske ne. A nan iyaye da yawa suke cewa "ka gani, sai da bulala", su koma gidan jiya, alhali saura kaɗan ya zauna.

Za a kawo muku Karin Magana 13:24, maganar sanda. A ajiye ta gefe ɗaya da Afisawa 6:4, da ta hana iyaye tsokanar 'ya'yansu su yi fushi, da Kolosiyawa 3:21, da ta ce kada a matsa musu har su karai. Ra'ayinmu shi ne wanda aka rene shi da duka mai tsanani ya ajiye bulala gaba ɗaya, domin ba a taɓa nuna masa inda ake tsayawa ba. Wasu abubuwa kuwa ba horo ba ne a kowane gida: girgiza jariri, wanda kan jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, mari a kunne, wanda kan fasa dodon kunne, barkono a ido ko a gaba, ƙonawa, ɗaurewa, dukan wayar wuta, da hana abinci. Tun 2018 Jihar Kaduna tana da dokar kare yara da kuma dokar hana cin zarafin mutane, kuma zama uba ko uwa ba ya kare mai irin wannan.

Fitsarin kwance ya cancanci a tsaya a kansa, don an daki yara da yawa a banza saboda shi. Ba ganganci ba ne, yaron barci yake yi, kuma abin yana bin dangi. A tambaya, sau da yawa uban ko uwar sun yi. A rage shan ruwa awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, ya yi fitsari dab da hawa gado, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zani, a hana 'yan'uwansa yi masa waƙa. Idan ya wuce shekara 7, ko ya dawo bayan an daɗe da dainawa, ko akwai zafin fitsari, yawan ƙishirwa da rama, a kai shi asibiti.

Zagi ya fi duka daɗewa a jiki. "Ba za ka taɓa zama komai ba", "kai ma kamar ubanka": bakin da ya sa albarka da dare shi ne yake wannan da rana, abin da Yakubu 3:9-10 ya ce bai kamata ba. A kira laifin da sunansa, a bar yaron da nasa: "ka yi ƙarya", ba "maƙaryaci" ba. Sau ɗaya a yini kuma a faɗi wani abin kirki takamaimai da aka ga ya yi.

Za ku faɗi ku maimaita tsohon halin, wannan ba shakka. Abin da ke bambanta gidanku da wanda kuka fito shi ne abin da ya biyo baya. Ka kira yaron a ranar, kafin sujada, ka ce: "Na yi maka tsawa na zage ka ɗazu. Laifi ne a gaban Allah da gabanka. Ka yafe mini. Maganar ƙaryar da ka yi kuwa tana nan, za mu yi ta bayan abinci." Babu "amma kai ka ja". Maza da yawa suna tsoron wannan zai jawo raini. Abin da ke jawo raini shi ne yaro ya ga Baba yana bi da addu'ar neman gafara a coci, a gida kuma bai taɓa yin kuskure ba.

Fifiko da 'yar riƙo

A manna jadawalin aiki a bango, yana juyawa mako-mako: shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa, maza da mata duk a ciki. Idan kuɗin makaranta bai isa ba, kada kullum ta mace ce za ta jira. A daina "dubi yayanka". Kowane yaro ya samu ɗan lokaci shi kaɗai da uba ko uwa a mako, ko da rakiya ce zuwa kasuwar Sabo. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye kuwa ita ce jarrabawar gidan. Idan ita ke tashi farko ta kwanta ƙarshe, tana cin ƙanzo, tana wanke-wanke lokacin da ake sujada, 'ya'yanku sun riga sun koyi wanda ake ƙauna da wanda ake mora. Tukunya ɗaya, makaranta, da hannu a kanta lokacin albarka kamar kowa.

Abin da ba a rufewa

A 2 Sama'ila 13, bayan Amnon ɗan Dawuda ya ci zarafin 'yar'uwarsa Tamar, ɗan'uwanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, Dawuda ya husata amma bai yi komai ba. Shekara biyu bayan haka jini ya zuba a gidan. Tun yaro yana shekara 3 ko 4, lokacin wanka, a koya masa cewa wuraren da wando da riga suke rufewa nasa ne, ba mai taɓawa, ko kawu ne, ko malamin lesin, ko shugaban matasa, kuma babu sirrin da babba zai ba shi ya ɓoye wa Mama. Idan yaro ya faɗi wani abu, ku natsu, ku ce "na yarda da kai, ba laifinka ba ne", kada ku yi ta maimaita masa tambaya. A raba shi da wanda ake zargi nan take. Kada a yi masa wanka ko a wanke kayan kafin likita ya duba, a kuma je asibiti a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Cibiyar Salama da ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri don irin wannan aka buɗe ta, akwai kuma a Tudun Wada, Zariya da Kafanchan. Taron dangi ko na dattawan ikilisiya ba ya maye gurbin asibiti da 'yan sanda.

Haka dukan mata. Yaron da ke ganin ana dukan uwarsa yana ɗaukar darasi ko ba a taɓa shi ba. Inda rai yake cikin haɗari, a fara fitar da uwa da yara zuwa wuri mai tsaro, sulhu ya biyo baya. Mai shan giya kullum kuma kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai bayan wa'azi ya taɓa shi: cikin kwana uku na farko jiki kan yi rawa, wani har da farfaɗiya da ruɗewa, kuma hakan yana iya kisa. Ya daina a hannun likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kula da masu fama da giya da ƙwaya. A gidan da sha yake bin dangi, kada a aiki yaro sayo burkutu ko giyar leda, kuma wajen shekara 10 a gaya masa gaskiya cewa jinin gidan ba ya wasa da wannan abu.

Kakanni

Lokacin Kirsimeti, idan an tafi Zonkwa, Kagoro ko Kwoi, za a ce kun lalata yara. Kowa ya yi magana da nasa iyayen, a keɓe, kafin abin ya faru. Kada a bar matar ɗa ta fuskanci uwar miji. Miji ya ce: "Mama, mun gode da yadda kuka rene mu. Mu dai mun yi wa Allah alkawari ba za mu daki yaran nan ba. In sun yi muku laifi ku gaya mini, ni zan hukunta." Ba sai an kawo tarihin abin da suka yi muku ba. A ba su aikin da ya dace da su: tatsuniya, yaren gida, tsofaffin waƙoƙi, labarin yadda bishara ta shigo garin, da sa albarka. Girmama iyaye umarni ne, barin uba da uwa a kafa sabon gida shi ma a Farawa 2:24 yake. Yafewa kuma daban take da amincewa: kana iya yafe wa baffan da ya cuce ka, ka gaishe shi, ka aika masa da shinkafa, amma ba ka barin 'yarka ta kwana a gidansa.

Akwai wani gadon da ya shafi Kaduna musamman. Iyaye da yawa na yau yara ne lokacin rikicin 2000 da na 2002, wasu 2011 ta same su. Sun gudu, sun rasa gida ko ɗan'uwa, kuma tun daga lokacin garin ya rabu, kogi a tsakiya. Yara suna bukatar su san tarihin da dabarun tsaro: lambar wayar iyaye a ka, inda za a haɗu in an watse. Ba sa bukatar su gaji zagin jama'a guda a bakin tuwo. Idan za a ba da labarin, a haɗa da maƙwabcin da ya ɓoye mutane, domin an yi su ta kowane ɓangare. Wanda har yanzu ƙarar knockout ta Kirsimeti take sa shi rawar jiki, ko barci ya gagare shi, ya nemi mai ba da shawara ko likita, don wannan tsoron yakan fito a kan yara da sunan tsanani.

Ranar Lahadin ƙarshen kowane wata, miji da mata su ɗauko takardar nan su yi minti 20 a kanta: sau nawa aka faɗi, a wane lokaci, an nemi gafara ko ba a nema ba. Yaran da suka kai shekara 8 ana iya tambayarsu, "me ya canza a gidan nan, me bai canza ba?", amma sai an shirya jin amsar ba tare da kare kai ba. Kada a ɗauki hali na biyu sai na farkon ya yi wata biyu zuwa uku a zaune. Idan wata uku suka wuce ba abin da ya motsa, a shigo da mutum na uku: wasu ma'aurata da suka girme ku a ikilisiya, waɗanda kuka ga yadda 'ya'yansu suke sakewa a gabansu, ku ba su izinin tambayarku kai tsaye duk bayan mako biyu.